Mun ce ba mu yarda ba a taro, yau ga tifa na zuba yashi

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, na ajiye alli, ina zaune a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin Maraɗi. Gaban gidajenmu akwai wani babban fili, tun ranar da muka sayi karenmu, wato fulotinmu, aka ce mana an ware shi ne don lakwal, wato makaranta, da wurin shan iska. Nan yara ke ƙwallo, nan kuma ruwan unguwa ke bi da damina. Bayan sallar layya sai muka wayi gari da turakun siminti a cikinsa, aka ce gidan mai za a gina da shaguna. An kira mu taro, mun fi mutum sittin, kowa ya ce bai yarda ba, liman ya yi magana, mai unguwa ya yi. Waɗanda suka zo suka ce sun ji, za su kai gaba. Aka zagaya da takarda muka sa hannu. Yau wata biyu ke nan, shekaranjiya tifa ta fara zuba yashi. Gidana shi ne na gangare, idan aka toshe wurin nan ɗakina ruwa zai kwana. Wani ya ce mu tara jika ɗari biyar, yana da mutum a Yamai da zai tsayar da aikin. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Ina maganarmu ta tafi? Mu tara kuɗin?

Amsa

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya kwantar maka da hankali.

Kada ku tara ko dala. Zan dawo kan mutumin nan mai mutum a Yamai, amma tukuna bari in tambaye ka abin da nake tambayar duk wanda ya shigo mini da irin wannan labari: da kuka tashi daga taron, wace takarda ka koma gida da ita? Na san amsar. Ba ka koma da komai ba. Kun bar musu sa hannun mutum sittin, kun tafi da "mun ji".

Shekaru ina aikin tsara gari, kuma babu kuskuren da ya ci filayen jama'a kamar wannan: mutane su ɗauka cewa abin da aka faɗa a taro ya shiga. Na san inda muka samo shi. Mun tashi a gidan da magana gaban shaidu take da nauyin dutse. Idan aka zauna a ƙofar mai gari kan iyakar gona, dattawa suka ji, aka shafa fatiha, an gama, jikoki ma sun san an gama. Shi ya sa idan bakatsine ko bagobiri ya miƙe gaban jama'a ya ce bai yarda ba, liman yana zaune, zuciyarsa takan natsu cewa ya sauke nauyi. Ga al'ada ya sauke. Ga ma'aikata bai ma fara ba.

Dalili kuwa, mutanen da suka zauna gabanku ran nan, da wuya a ce su ne masu yanke hukunci. Abin da ke yawo daga tebur zuwa tebur dosiye ne, wato tarin takardun aikin. Yakan tashi daga ma'aikatar magajin gari, ya bi ta ofishin tsara birane na jiha, wani lokaci ya dangana da Yamai. Wanda zai sa hannun ƙarshe bai ga fuskarka ba, bai ji muryar liman tana rawa ba, bai san gidanka ne na gangare ba. Zai buɗe dosiye ya ga abin da ke ciki. Abin da taronku ya saka a ciki kuwa abu biyu ne, takardar bayanin taro wadda ma'aikata ke ce wa PV, da takardar sunayen waɗanda suka halarta.

To ka san yadda ake rubuta PV? An yi awa biyu ana Hausa, ana katse juna, wani na rantsuwa, wata na kuka. Magatakarda yana gefe yana juya wannan duka zuwa Faransanci. Abin da yakan fito layi goma ne, kuma a cikinsu akwai jimlar da na karanta har na haddace: jama'a sun bayyana damuwarsu, an ba su bayani, taro ya tashi cikin fahimtar juna. Ba kullum mugunta ce ke kawo haka ba. Wani lokaci gajiya ce, wani lokaci haka ya tarar ana rubutawa, ya kwafi na bara ya canza kwanan wata. Amma ko da niyya ko babu, "ba mu yarda ba" sau sittin ta koma "damuwa", damuwa kuma an amsa ta. Sai a ɗauko takardar da kuka sa wa hannu a liƙa a baya. Wanda ya buɗe dosiye a Yamai me ya gani? An tuntuɓi unguwa, mutum sittin sun zo, an rabu lafiya. Yawan da kuka yi alfahari da shi ya zama shaidar wancan ɓangare. Da mutum uku suka je, da dosiyen bai yi ƙarfin da ya yi ba.

Na sha faɗar wannan har mutane suna ganin ina raina taro. Ba raina shi nake ba, ni ma na shirya da yawa. Haushina shi ne yadda muke shirin taro kamar shirin gangamin siyasa. A yi hayar kujeru, a nemo wanda ya iya baki, a zuga matasa su cika wuri, a ce yau za su gane kurensu. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a tafa masa. A fito ana cewa "ai Alhaji ya wanke su tas". Ya wanke su, na yarda. Daren nan kuma sautin muryarsa ya zagaya WhatsApp, har ƴan unguwa da ke Legas da Agadas sun ji sun yi kabbara. A cikin sittin ɗin nan akwai mushe, akwai ma'aikacin likita, akwai ɗan jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, mutanen da kullum biro ke aljihunsu, amma babu wanda ya rubuta layi biyar ya miƙa ya ce a buga mini hatimi a kwafina. Ka yi haƙuri Malam, kai da ka yi shekaru kana ce wa yara su rubuta, ranar kai ma baki ka kai. Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta sauka kan a rubuta bashi, mun bar filin unguwa guda a hannun "mun ji".

Wani abin da ke ƙara rikita mutane, duk zaman da aka yi da kujeru da lasifika sunansa taro, alhali ba iri ɗaya ba ne. Daga yadda ka kwatanta, naku taron wayar da kai ne, an zo a sanar da ku. Irin wannan ba a kaɗa ƙuri'a, ko kun ɗaga hannu duka ba a ƙirga. Wanda doka ta buɗe wa ɗan unguwa ƙofa sosai shi ne binciken jin ra'ayin jama'a, wanda ma'aikata ke kira anket komodo-inkomodo, wato a ji wa abin zai amfana wa zai cuta. A nan ana naɗa mai bincike, a ajiye dosiye inda kowa zai iya zuwa ya duba, a buɗe rajista na ƴan kwanaki ko makonni, duk mai ƙorafi ya rubuta ko ya sa a rubuta masa. Ran da aka rufe, mai binciken ya tattara abin da ke ciki ya ba da ra'ayinsa a rubuce. Wannan rajistar ita ce bakinku. Sau da yawa nakan tarar da ita fara fat, ko layi babu, a unguwar da aka kusa doke-doke a taro. Mai bincike kuwa idan ya tarar da farar takarda, abin da zai rubuta shi ne ba a samu mai ja ba, kuma bai yi ƙarya ba.

Kada a ce na ɗora wa talaka laifi duka. Mu ma'aikata ko'ina muna da namu rabon, kuma babba ne. A liƙa sanarwa da Faransanci a allon da rana ta cinye, a karanta ta sau ɗaya a rediyo lokacin da kowa ke kasuwa, a kulle rajista cikin durowa, mai makulli ya tafi jana'iza. Tsoho ya zo sau biyu a ce ya dawo gobe, na uku ba zai zo ba. A takarda an cika sharaɗi, a ƙasa ba wanda ya sani. Wannan hali yana ƙona mini rai, amma sanin haka ne ya sa nake cewa kada ka jira a kawo maka rajista har gida.

Su kuma kwamitocin tsara birane, da na gari da na ƙasa, tun dokokin 1997 masu ba da shawara ne. Sukan duba ko abin da aka nema ya dace da taswirar gari, ko hanya ta isa, ko an bar wa ruwa mafita, su ba da ra'ayi, mai iko ya sa hannu. Ba su sauraron wanda ya fi fushi, takarda suke karantawa. Da can akwai wata ƙofar, majalisar birni, tunda dokar ƙananan hukumomi ta 2010, shekarar da Maraɗi ta zama birni mai gundumomi uku, ta ce zaman majalisa a buɗe yake, kowa na iya shiga ya saurara, kuma kana iya kama kansilan unguwarku ka ɗora masa maganar. Daga watan Afrilun 2024 an rushe majalisun, shugabannin riƙo da aka naɗa ke tafiyar da birane. Ma'anarsa a wurinku, babu zaɓaɓɓen da zai miƙe a zaure ya maimaita abin da kuka faɗa. Nauyin takarda ya ƙaru ke nan.

Kuma ba kowace takarda ba. Na karanta wasiƙun unguwa masu shafi huɗu, yabo da kirari shafi ɗaya, tarihin kakanni shafi biyu, a ƙarshe "muna roƙo a tausaya mana". Tausayi ba ya cikin abin da kwamiti ke aunawa. Ku kuwa kuna da hujjoji biyu masu ƙarfi, kuna zaune a kansu.

Ta farko, matsayin filin. Duk rabon filaye da aka yi bisa ƙa'ida yana da taswira da aka amince da ita, kuma a cikinta akan ware tituna da wuraren lakwal, likita, kasuwa, masallaci da wurin shan iska. Filin da aka ware wa jama'a ba a sayar da shi haka kawai, kuma daɗewar mutum a kansa ba ta mai da shi nasa. Kafin ya koma kare na wani, sai an fitar da shi daga wannan matsayi da takardar hukuma mai lamba da kwanan wata, an bi matakai. Saboda haka tambayar da za ku yi gajera ce: a taswirar unguwarmu me aka rubuta a kan wannan fili, kuma idan an canza, ina takardar da ta canza? Amma ka lura, "aka ce mana" da ka rubuta ba hujja ba ce. Mai sayar da kare zai ce maka gabanka lakwal ce, bayanka kwalta ce, don ya ƙara jika ɗari. Na taɓa raka wasu mutane da suka yi shekara suna faɗa kan "filin lakwal", da aka buɗe taswira sai ga kare takwas masu lamba, masu su ne ba su gina ba. Fili ya daɗe babu gini ba ya nufin na jama'a ne. Je ka gani da idonka kafin ka sa sunanka a ƙasan kowace wasiƙa.

Ta biyu, ruwa. A Maraɗi ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba. Garin nan da kansa ruwa ne ya tashe shi, ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka bar kwari aka hau tudu, kuma duk ruwan da ya sauka a tudun nan Gulbi yake nema, ta titi ko ta tsakar gidan wani. Wanda ya ga ƙarshen watan Agustan 2024 ya san abin da nake nufi. Idan filin nan ne mafitar ruwan unguwa, ku rubuta shi yadda injiniya zai gane: daga wane titi ruwan ke shigowa, ta wace kusurwa yake fita, gida nawa ke ƙasa da shi, ina ya kai a bango a damina mafi muni. Hotunan da ke cikin wayoyin yaranku na ranar ruwa sun fi jawabin awa guda. Wanda zai sa hannu yana iya share "ba mu so", amma yana jin tsoron ya sa hannu a kan takardar da ta gargaɗe shi da ambaliya, don ran da bango ya faɗi sunansa ne a ƙasa.

Tunda gidan mai aka ce, akwai ƙari. Ba a gina shi da izinin gini kaɗai. Yana cikin wuraren da dokar 1966 ta kira masu haɗari ko masu damun maƙwabta, yana buƙatar yardar ma'aikatar da ke kula da man fetur, ga kuma dokar 2018 kan auna tasirin ayyuka ga muhalli. Kowanne mataki takarda ne da ko dai akwai shi ko babu. Ku tambaya ɗaya bayan ɗaya.

Yashin da ka gani kuma kada ya karya maka gwiwa. Tifa ba ta tambayar izini, duk wanda ya biya za ta zuba masa. Akwai masu fara zuba yashi da bulo da gangan tun takardunsu ba su kammala ba, don unguwa ta ce an riga an gama ta yi shiru. Akwai kuma wanda takardunsa sun cika cif. Daga bakin titi ba za ka bambance su ba.

Ga abin da zan yi da ni ne. Cikin makon nan, mutum biyu ko uku, ba sittin ba, su ɗauki takardar karensu, wadda lambar rukuni da lambar kare ke jiki, su je sashen filaye na ma'aikatar magajin gari da ofishin tsara birane na jiha su nemi ganin taswirar unguwa. Sannan ku rubuta wasiƙa shafi ɗaya zuwa ga shugaban birni, da Faransanci tunda da shi dosiye ke tafiya, ku ce mu mazauna wuri kaza muna adawa da wannan gini saboda kaza da kaza, muna neman a nuna mana takardar da ta canza matsayin filin da izinin gini, muna neman kwafin PV na taron ranar kaza, kuma muna sanarwa cewa sa hannunmu na ranar shaidar halarta ce kawai. Wannan jimla ta ƙarshe kada ku manta da ita. Ku yi kwafi, a buga muku hatimi da kwanan wata da lambar shiga a naku. Idan mai karɓa ya ce ku ajiye kawai za a duba, ku zauna a benci har ya buga. Kwafi ɗaya ya tafi ofishin gwamna, ɗaya ofishin tsara birane. Idan kuna da abin tarawa, ga inda jika ɗari biyar ɗinku za ta yi aiki: ku ɗauki wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta shaida, ya zo ya rubuta abin da ya gani a filin yau, ku ga lauya ya faɗa muku wa'adin ƙalubalantar takardar hukuma, domin wa'adin gajere ne kuma ba ya jiran a gama shawara a majalisar shayi. Wata biyu sun riga sun tafi.

Ku ja wa matasa kunne, kada wanda ya tuge turke ko ya watsa yashi ko ya tare direba. Ran da aka yi haka magana ta tashi daga kan fili ta koma kan ɗanku da ke hannun ƴan sanda, ku da kuka zo da hujja ku koma masu ban haƙuri.

Shi kuma mai mutum a Yamai. Kowace rigimar fili tana da irinsa, kamar ƙuda da mangwaro. Tambaye shi sunan ofishin da dosiyen yake, da lambarsa, ka ga yadda zai fara duba waya. Abin da yakan faru, ya karɓi kuɗin ya yi shiru. Idan aikin ya tsaya don wani dalili nasa, ko kuɗin mai gini ya yanke, ko damina ta sauka, ya zo yana hura hanci ya ce aikinsa ne, a ƙaro. Idan bai tsaya ba ya ce wancan ɓangaren ya fi ku bayarwa. Ba ku da rasit, ba ku da bakin kai ƙara, tunda abin da kuka bayar sunansa cin hanci. Kuma na san wanda ya ci a hannun unguwa da safe ya ci a hannun mai gini da yamma.

Ba zan yi maka alkawarin za ku yi nasara ba. Mai yiwuwa a buɗe taswira a tarar filin ba na lakwal ba ne, ko an canza shi bisa ƙa'ida shekarun baya, rajista ta buɗe ta rufe ba ku sani ba. Ko a haka wasiƙarku ba ta faɗi banza ba, domin batun ruwa yana nan daram, kuma da shi ake tilasta wa mai gini ya yi magudana, ya ja baya daga bangonku, ya bar hanya. Wannan ma a rubuta shi cikin sharuɗɗan izini, kada a karɓi "in sha Allahu za mu yi".

Idan aka sake kiran ku taro, kuma za a kira, ku tafi da wasiƙarku a hannu. Kafin a fara, wani ya tambaya cikin ladabi wane irin zama ne wannan, wa ke rubuta PV, akwai rajista ko babu. Kafin a shafa fatiha ku nemi a karanta abin da aka rubuta, a fassara da Hausa kowa ya ji. Takardar sunaye idan ta zo hannunka, Malam, duba samanta ka ga me aka rubuta kafin biro ya taɓa ta, idan babu komai a saman kada ka sa. Idan ka samo taswirar, turo mini hoton ɓangaren da filin yake tare da lambar rukuninku, in duba maka abin da alamar da ke kansa take nufi.